Yadda Za Ka Karanta Takardar Kakanka Sojan Ruwa

Ɗan'uwa, ka faɗo hannun gwani. In kakarka ta miƙo maka tsohuwar takarda mai rubutun tafiyar tsutsa irin na Turawan da, ta ce ka gano mata inda mijinta ya ƙare, bi matakan nan. Na gwada su a 2004 da digirina na Tarihi sabo fil, kuma ina ba ka tabbacin za ka karanta ta tsaf.

1. Karɓi aikin da cika baki

Tawa kakar, Kaka Liya ta unguwar Hanwa, mijinta Luka mai zuba wa jirgin ƙasa kwal ne a Sabon Gari. A yaƙin duniya na biyu aka kai shi jirgin ruwan yaƙi, bai dawo ba. Ba hoto, ba kabarin da aka sani, sai wannan takarda da ta zo cikin akwatinsa.

"Maigida," haka take kirana don sunansa na ci, "so nake Fasto ya ambaci inda yake kwance kafin in bi shi. Ba ka ce ka gama boko ba?"

Nan sai ka ce, "Kaka, kafin tuwo ya huce an gama." Kada ka buɗe takardar kafin ka faɗa, in ka ga rubutun ba za ka iya faɗa ba.

2. Share batun baƙin tabo

A kusurwar ƙasa za ka ga wani tabo da ya yi laushi don yawan shafa. Tsohuwa za ta ce, "Nan ya dangwala yatsansa ranar da aka ɗauke shi. Riƙe ta gefe." Gyaɗa kai kawai. Masani ba ya ɓata lokaci kan abin da ba harafi ba.

3. Sa tabarau

Ko idonka garau ne, sa. Zauna teburin mai shayi a Samaru inda ɗalibai za su gan ka, ka ɗaga takardar wajen rana, ka yi gyaran murya. Ni daga hantsi zuwa la'asar kalma ɗaya na iya fitarwa, Luka, ita ma don sunana ne.

4. Kai wa mai kemis

Wanda ke karanta rubutun likita ai ba abin da zai gagare shi. Na tafi Sabon Gari wajen Ogbonna mai kemis. Ya duba, ya juya, ya miƙo mini.

"Oga, wannan ba likita ya rubuta ba. Likita yana da tausayi."

Karɓi maganin ciwon kan da zai sayar maka. Za ka buƙace shi.

5. Sa ta a leda

Yanzu ɗora laifi kan ninkin takardar, ka ce shi ya haɗiye rubutun. Duk ɗan Samaru ya san takarda ba ta yin daraja sai an yi mata laminatin, wato inji ya manne ta cikin leda. Ni har katin laburare na yi wa. Abiodun mai shagon hoton takardu ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Wannan ta tsufa fa. Ka tabbata?"

Ka ce masa, "Ni da kai wa ya karanta Tarihi?"

Ta fito daga inji da ɗumi kamar burodi, ninkin ya miƙe, harufan da suka rabu suka haɗe. Ga sunan jirgi, ga shekara, ga zazzaɓin da ya kashe shi, ga inda aka binne shi: Firitawun ta Saliyo. Na yi ihu har Abiodun ya firgita. Ban taɓa jin kaina ya yi girma haka ba.

6. Koma gida da nasara

Hau acaɓa, tun daga ƙofar gida ka fara shela. Kaka ta sa na yi ta maimaita sunan garin har ya zauna mata a baki, ta gode wa Ubangiji, sannan ta miƙo hannu. Idonta ya yi rauni, amma babban yatsanta ya san hanya, kai tsaye ya nufi kusurwar nan. Ya zame. Ta sake, ta ƙwaƙula da farce.

"Maigida, me ka rufa masa?"

"Leda ce, Kaka, don kada ta lalace."

"To an karanta ai. Cire."

Ba ta ciruwa. Na koma wa Abiodun a guje, ya ce in an ɓare, da rubutun da tabon za ta taso. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da ta zage ni da na fi jin daɗi.

"Tun ina goyon ubanka," in ji ta, "kullum safe a nan nake gaishe shi."

Gargaɗi

Ranar Lahadi Fasto ya ambaci Firitawun, saboda haka marubuci ya cika alkawari. Abin da ya biyo baya ba ruwansa, ba ruwan jami'ar da ta ba shi digiri. In ka bi matakan nan ka wayi gari kana kallon tsohuwa tana shafa leda da yatsa, kada ka zo nemana. Ina Hanwa ina kallon tawa.