Cokali a Damtsen Amarya

Abin da ba zan taɓa mantawa ba ke nan, ko da zan manta sunan jikokina. Shekarar da aka sake hana mutanenmu zuwa Hajji ce, lokacin da Maiduguri ta daɗe babu wutar lantarki, tun kafin ruwan nan ya shiga Kasuwar Kwastam.

Ni mai gyaran amare ce a Abbaganaram, dilka da halawa da turare. Amaryar da ta bi ta hannuna, ko a cikin taro za ka nuna ta. Ban yi boko ba, amma da aka saya min waya mai saƙon murya sai na zama likitar layinmu (ba wanda ya naɗa ni). A nan na ga wani mutum da farar riga yana manna cokali a damtsensa, yana cewa allurar korona mayen ƙarfe ce, kuma macen da aka yi wa ta yi sallama da haihuwa. Na haddace shi tsaf.

Sai ga bikin Falmata, 'yar maƙwabciyata Hajja Fanna, yarinya mai aikin asibiti. Ina cikin ja mata halawa, wato dafaffen sukarin nan mai danƙo da muke cire gashi da shi, ta ce, "Kaka, a hankali, nan aka yi min allurar."

Ɗakin cike da mata, har da gwaggon ango, Hajiya Rabi, Bakanuwa, ta zo ganin amarya. Mai hankali shiru za ta yi. Ni kuwa na zaro cokalin shayi na ɗora a wurin. Ya zauna daram.

"Ku zo ku gani," na ce, har da gyara zama. "Sun zuba mata mayen ƙarfen. Kuma mutumin ya ce ba haihuwa."

Hajja Fanna ta dube ni kamar ba ta taɓa sanina ba. Falmata ta fara hawaye. Hajiya Rabi ta jawo mayafinta ta ce, "To, Hajja, bari in koma gida. Ɗan nan shi kaɗai ne wajen ubansa, sai mun yi shawara."

Ni burgewa na so yi, ga shi ina kwance aure saura kwana kaɗan.

Hajiya Rabi ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta dawo, ta ɓamɓare cokalin, ta shinshina shi.

"Baba, ke an yi miki allurar?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

Ta manna min a damtse. Ya zauna. Na girgiza hannu, yana nan. Na ƙara girgizawa kamar mai rawar ganga, bai ko motsa ba. Tun safe nake cikin sukari da gumi har kafaɗa, ko murfin tukunya aka sa min zai kama.

"Kin taɓa haihuwa kuwa?"

"Har tagwaye," na ce, murya can ƙasa.

"Ikon Allah. Ashe naki mayen ƙarfen mai albarka ne."

Wata ta ɗauko cokalin roba ta liƙa min a ɗaya hannun, shi ma ya tsaya. Matan nan suka yi dariya har amarya ta share hawaye ita ma ta shiga dariyar. Hajja Fanna ce kaɗai ba ta yi ba, kuma sai bayan salla ta sake amsa gaisuwata.

An ɗaura aure. Ni kuma tun ranar, duk abin da waya ta faɗa, a jikina nake fara gwadawa, a ɗaki, bayan na yi wanka.

Hajiya Rabi ta rasu, Allah ya ji ƙanta, mace mai hancin gano sukari a cokali. Hajja Fanna na nan, ƙafa ce ke damunta. Falmata ma na nan da 'ya'yanta. Duk sunan da ta yi sai ta aiko min da shinkafa, ta ce a gaya wa Kaka ba ta haɗo da cokali ba, ta san ina da nawa a jiki.