Littafin da Ya Tokare Teburin Manya

Jama'a, ranar Asabar masoyan yara sun kusa sa ni hawan jini.

Autata shekararta tara. Wata biyu ke nan duk Asabar sai ta ja ni ɗakin karatu na unguwarmu, saboda wani littafi mai jan bango, labarin ɗan giwa da ya ɓace wa uwarsa. Ba a ba yara aron littafi, wai hannunsu da maiƙo, don haka a can take karantawa kaɗan-kaɗan kafin a kaɗa ƙararrawa. Saura mata babi ɗaya. Tun Alhamis take damuna da tambaya ko zai ga uwarsa, ni da ko bangon ban taɓa ba.

Muna isa muka tarar da motoci masu baƙin gilashi, da ƙyalle an rubuta TARON KARE HAƘƘIN YARA. Mai gadi ya gicciya sanda a ƙofa.

"Malam, yau ba a shiga da yara."

"Taron na su wane ne?"

"Na yara."

"To ai ga yarinya."

"Shi ya sa. Surutu za ta yi, ta hana manya tattauna haƙƙinta."

Na ce Allah ya ƙara basira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Muka zagaya muka leƙa ta taga.

An kwashe kujerun yara an jera na alfarma. Mai Girma Babban Masoyin Yara, Allah ya ja zamanin tumbinsa, yana dukan tebur yana cewa kowane yaro na da haƙƙin karatu. Sai Auta ta ja rigata.

"Baba, ga shi can."

Ashe teburin manya ƙafarsa ɗaya gajera ce, aka tokare ta da littafi mai jan bango. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yafito ma'aikaciyar ɗakin.

Ta ce, "Baban Auta, rufa min asiri. Mun gwada ƙamus, ya yi kauri. Mun gwada rahoton taron bara, bango ne kawai. Wannan ne ya zauna daidai."

Kafin in waiga, Auta ta sulale ta ƙarƙashin sandar mai gadi, ta rarrafa cikin mayafin tebur, ta zare abinta. Tebur ya durƙusa. Kofuna da lambar yabo da jawabi shafi arba'in suka gangara cinyar Mai Girma. Ana ta salati, ana goge-goge, ana neman wanda za a kora daga aiki, ita kuwa tana zaune a ƙasa tana karatu. Ba wanda ya ganta, don dama idonsu bai saba ganin yara ba.

Can ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe. Na tare ta da sauri.

"Dukan ki aka yi?"

"A'a Baba. Ya ga uwarsa."

Ni ma sai da na share ido, ban ji kunyar mai gadi ba.

Yanzu dai an kafa kwamitin bincike mai mutum goma sha biyu. Maƙwabcina tela ya ce ya ji sun ba da shawarar a sayo sababbin littattafan yara. Na ce madalla, ashe tusa tana hura wuta.

Ya ce, "Guda huɗu ne fa. Kowace ƙafar tebur ɗaya."

Na dai faɗa wa Auta ta fara koyon karatu a kwance.