Giyar Motar Baba Da Rumfar Surukai

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren Rukayya, 'yar yayana Sabo ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Kazaure ba za su bar ni ba. Amma tun kafin in fara, bari in faɗa muku: kunya na ji ta har ƙafata, nadama kuwa ban yi ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota ƙirar Faransa, fara, irin wadda hannun giyarta yake jikin sitiyari. A cikinta aka kai mu makaranta, a cikinta aka kai Inna asibiti haihuwar autanmu. Bayan rasuwarsa giyarta ta fara ƙugi, daga nan ta ƙi shiga gaba ɗaya. Aka tura ta gindin dalbejiyar ƙofar gida, hancinta na kallon titi, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta masauki.

Da bikin Rukayya ya matso, Yaya Sabo ya kira ni.

"Ka ga, baƙi za su zo daga Roni. Ba na so su tarar da wannan gwangwanin a ƙofar gida. Na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe."

"Yaya, motar Baba ce fa. A kilo za a auna ta?"

"To ka tashe ta. In ta kai ranar ɗaurin aure ba ta tafiya, washegari za a yanka ta."

Na ce masa ba tafiya kawai za ta yi ba, ita za ta ɗauki Baffa Ilu zuwa masallaci. Baffa Ilu ƙanin mahaifinmu ne, yana zaune a Gwiwa, shi ne waliyyin amarya. (Ni fa malamin firamare ne. Babban aikin ƙarfen da na taɓa yi a rayuwata shi ne canza fulogin babur.)

Makanikan da na zagaya duk bakinsu ɗaya: kayan wannan motar sun ƙare a duniya, in haƙura. Raina ya ɓaci, na ce da hannuna zan yi. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani mutum a Babura da ke da irinta, tsohuwar tasi da aka shigo da ita daga Nijar, ta yi hatsari gabanta ya lotse. Ranar kasuwa na hau motar haya na je. Mutumin ya yi ta yi mini ciniki da sefa, kuɗin Nijar, kamar ya ga Bazabarme, muka dai daidaita, aka kwance mini akwatin giyar aka saka a buhu. Da zan tafi ya ce, "Malam, wannan fa giyarta a ƙasa take, ba a sitiyari ba." Na ce masa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kada ya damu.

Na ɗaga motar Baba na ɗora ta a kan bulo, na cire tayoyin da suka ruɓe, na sauke akwatinta. Tsakar gida ta koma gareji. Na shimfiɗa tabarma biyu, ɗaya ta kayan Baba ɗaya ta kayan Babura, ina wanke haƙoran giya da kananzir a cikin kwanon da matata Hajara take kwaɓa fulawa. (Har yau ba ta yafe mini kwanon nan ba.) Duk haƙorin da ya cinye in cire in sa na Babura, duk boris ɗin da ke ƙara in sauya. Farcena ya yi baƙi, har ɗalibaina suka fara tambaya ko na bar koyarwa.

Inda na sha wuya shi ne sandunan da ke haɗa hannun giya da akwatin. Na Baba sun lanƙwashe, na Babura kuma tsayinsu daban. Na yi ta juya su har na sami yadda suka zauna, na ɗaure da sufana, na yi hamdala.

Sai gwaji. Motar tana kan bulo, na tashe ta, na taka kuloci, na sa giya ta ɗaya. Ta shige sumul, babu ƙugi. Na leƙo ta taga na ƙwala wa Hajara kira.

"Duba mini baya, ƙafar tana juyawa?"

"Tana juyawa, Malam."

Na sa ta biyu, tana juyawa. Ta uku, tana juyawa. Ribas, tana juyawa. Na fito ina taƙama kamar ni na ƙera ta. Ban tambayi Hajara ta wane ɓangare ƙafar take juyawa ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa mini ba. Tayoyin da zan sa kuwa aro ne, mai su ya ce sai safiyar bikin zai kawo, don haka motar ba ta taka ƙasa ba sai ranar.

Safiyar ɗaurin aure aka kafa rumfa a bayan motar, saboda nan ne inuwa. Mutanen ango daga Roni suka cika kujeru, manyan riguna sun sha guga, ga kulolin waina da faranti na goro da alawa. Na wanke mota tana sheƙi. Na buɗe wa Baffa Ilu ƙofa na durƙusa, ya shiga yana shafa kujera, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya ji ƙan Yaya," in ji shi. "Ashe zan sake shiga motar nan."

Na zagaya na zauna, na tashe ta bugu ɗaya. Na kalli Yaya Sabo, na ɗaga masa gira. (Wannan girar ita ta fi komai ci mini rai daga baya.) Na sa giya ta ɗaya, na ba ta wuta sosai don kowa ya ji, na saki kuloci.

Motar ta zabura da baya.

Kafin ƙafata ta lalubo birki na ji ƙarar ƙarfe. Ta tumɓuke sandunan rumfa biyu, tamfol ya rufto a kan surukai. Salati ya kaure. Waina ta watse a ƙasa, goro na gangarawa kwata, kaji suka samu walima. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma na ga kawun ango yana rarrafowa daga ƙarƙashin tamfol ba hula, takalmi ɗaya a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da motar gaba ɗaya.

Yaya Sabo ya iso tagata yana huci.

"Ka gani ko? Kashe ta ka fito! Gobe gobe za a yanka ta."

Da na fito a lokacin, da shi ke nan. Gumi na zuba a idona, na riƙe sitiyari na ƙi saki. Na ce a raina, in ribas ya koma gidan giya ta ɗaya, to ita ma ta ɗayan tana wani wuri, ba ta gudu Nijar ba. Na taka kuloci, na tura hannun giya inda ribas yake, na saki a hankali. Motar ta taka gaba, lafiya lau, tana jan igiyar rumfa a bayanta.

Baffa Ilu ya gyara rawaninsa ya leƙa.

"Sabo, ku ɗaga wa baƙi rumfa ku ba su haƙuri, ku same mu a masallaci. Motar da ta ɗauki waliyyi ba a auna ta a sikeli. Ja mu je, ɗana."

Na ja. Muka isa masallaci da igiya tana bin mu, yara na bin igiya. Aka ɗaura aure, na bi surukai ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa, wasu na dariya wasu na kau da kai.

Motar tana nan. Sandunan giyar ma ban juya su ba, da gangan, don yanzu duk Kazaure babu mai iya tuƙa ta sai ni. A Roni kuwa har yau in na je gaisuwa sai a ce a janye kujeru ga Malam ya iso. Su yi ta faɗa. Abin da na koya ɗaya ne: in ka tambayi mutum ko abu yana tafiya, ka daure ka ƙara da tambayar ina ya nufa.