Malam Hebi da Batiran Shanya

Duk faɗin Karaye da Rogo, in ana maganar kunne, sai a ja baya a ba Malam Mijinyawa wuri. Mu namu kunnuwan na jin kiran salla ne da cinikin gyaɗa. Nasa kuwa, tubarkalla, a hannun Turawa ya yi karatu.

Ya taɓa yi wa wani Bature akawu a wajen aikin madatsar ruwa. Da Baturen zai koma gida, ya bar masa kwali guda na kaset, kowanne da hoton ƙarti masu gashi har kafaɗa, sun rungumi jita suna zare ido, wasu har da hoton ƙwarangwal a gefe. Shi Baturen da abin maƙalawa a kunne yake sauraronsu shi kaɗai, don haka Mijinyawa bai taɓa jin ko ɗaya ba sai a gidansa na Rogo. Sunan kiɗan, in ji shi, hebi metal. Mutanen gari ba su da lokacin doguwar magana, suka sa masa Malam Hebi. Ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

Unguwarsu ba lantarki, rikodarsa da batir take aiki, shi kuma bai yarda mai ilimi ya jefar da batir ba. Waɗanda suka mutu a tocilan ɗin masu gadi yake tattarowa, ya shanya su a kan kwano kamar kuɓewa, ya ɗan ciccije su, ya zuba. Sai kaset ya riƙa juyawa da ƙyar, murya tana gurnani a hankali. Ranar farko maƙwabciyarsa Hajo ta yi sallama da ƙwaryar dawa, ta ɗauka injin niƙa ya sayo.

Kowace yamma yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya ilimantar da mu kyauta. "Ku saurari nauyi," yakan ce, ido a lumshe. "Wannan muryar dattijai ce. Mutum ya ga duniya, ba ya gaggawar faɗin kalma." Ba kuma mutum ne mai taurin kai ba. Duk damina yakan sake nazari, ya gano cewa masu hoton ƙwarangwal sun ƙara zurfi. In rani ya yi, rana ta buɗe, ya ce a gaskiya sun fara wasa da aikinsu.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: kujerar sakataren nishaɗi a kulob ɗin ma'aikata na Karaye. Mai wannan kujera shi ke zaɓar kiɗan kowace liyafa, kuma Malam Hebi yana sonta kamar ransa. Abokin takararsa Daudu ne, wani malamin firamare wanda duk iliminsa bai wuce kalangu ba.

Aka shirya ranar zaɓe kowa ya kawo kaset a ɗanɗana kafin a ɗaga hannu. Mijinyawa ya miƙa wa shugaban kulob, Alhaji Ɗanmaliki, mafi zurfin kaset ɗinsa, sannan ya zagaya baya gyaran laktayen wuyansa. Kulob kuwa yana da janareta da ƙatuwar rikoda mai jona wuta.

Yana dawowa ya tarar ɗaki ya ɗauka. Ganga na gudu, jita na ihu, wani kuma yana tsala ƙara da siririyar murya. Malam Hebi ya tsaya cak, ya dubi Daudu, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ranka ya daɗe, a kashe," ya ce. Aka kashe. "Haba Malam Daudu! Don ka yi gasa da ni sai ka je Kano ka kwaso kiɗan yara? Ji murya don Allah, kamar an take wa mage wutsiya. Ina nauyin? Ina natsuwar? Waɗannan ko a hanya ba su taɓa gamuwa da hebi ba. Ni da na zauna da masu abin nake gaya muku, duk wanda ya kawo wannan kaset bai cancanci ya riƙe ko makullin banɗakin kulob ɗin nan ba."

Daudu yana zaune, kaset ɗin kalangunsa na aljihu, ko fito da shi bai yi ba.

Alhaji Ɗanmaliki ya ciro kaset daga rikoda, ya juya shi, ya kawo shi kusa da tabarau. Ga hoton ƙwarangwal, ga kuma jan biro a ƙasa: M. Mijinyawa, Rogo. Ya miƙa wa mai shi.

"To Malam, mun gode," ya ce. "Shawarar masani ba a wasa da ita."

Hannaye suka tashi wa Daudu, har da na waɗanda Mijinyawa ya saya wa lemo don su zaɓe shi.

Malam Hebi bai karaya ba. Ya koma gida ya sake nazari, ya gano cewa Turawan ne ba su iya sauraron kiɗansu ba. Batiransa na nan a kan kwano suna shan rana.

Makullin banɗakin kuwa, da aka zo rabon muƙamai, wani Lukumanu aka ba.