Rasuwar Rufus, Bakan Delmar Sizemore

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ana sanar da 'yan uwa da 'yan coci, da duk mafarautan da ke shan kofi a teburin baya na shagon Opal, rasuwar Rufus, bakan farauta na dattijo Delmar Sizemore. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi bayan abincin rana, a bayan gidan Darlene, 'yar Delmar da ke zaune cikin gari, ana gab da buɗe farautar barewa da talo-talon daji. Ya cika a hannun mai shi, a gaban shaidu, yana bakin aiki.

An haifi marigayin a rumfar wani masassaƙi mai ido ɗaya a cikin tsaunukan Ozark na ƙasar Amurka, wanda ya manna katakonsa falle-falle da gam, ya goge shi har ya yi sheƙi. Delmar ya karɓe shi a shekarar da ya auri Wanda, tun yana da gashi a ka, ya raɗa masa sunan wani kawunsa da ba ya lanƙwasawa sai an matsa masa. Ita kuwa Wanda, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa a coci cewa da zarar Satumba ta raba tsakiya ita gwauruwa ce, sai ƙanƙara ta sauko ake dawo mata da miji.

Marigayin mai kawaici ne. Bai taɓa neman mai ko batir ba, abincinsa ɗan kakin zuma ne da ake shafa wa tsirkiyarsa. Maganarsa ɗaya ce a duniya, wani ɗan "ɗum" mai taushi da ba ya tayar da ko tsuntsu. Ya cika firjin gidan Sizemore da naman barewa kaka bayan kaka, ya ciyar da liyafar coci, ya kai cinya ƙofar gwauraye da marasa lafiya ba tare da an ji sunansa ba. Ya kuɓutar da mai shi daga tarurrukan dangin Wanda masu ɗimbin yawa, da fentin shinge, da bikin auren wata 'yar ƙanwa da har yau ba ta yafe ba. Game da talo-talo kuwa, gaskiya ba ta ɓata gawa: sun fi shi wayo. Sukan hango gwiwar hannun Delmar tun kafin ya gama jan tsirkiya, su watse su bar shi da baki buɗe. Amma duk kuskuren da aka yi a daji, a daji Rufus yake barinsa, bai taɓa kawo shi shagon Opal ba.

Waɗanda suka san shi sun san watan Agusta watansa ne. A lokacin ake jera dammunan ciyawa a bayan rumbu ana harbi har kafaɗa ta saba. Ana wasa bakin kibau har su aske gashin hannu, a wanke kayan daji ba sabulu mai ƙamshi, a cusa su cikin buhun ganye don su ɗauki warin ƙasa. Kullum idan an gama, Delmar yakan sauke tsirkiya kafin ya wanke hannu. Babu yaron da ya koyi harbi a yankin bai ji huɗubarsa ba: bakan katako ba ya kwana a ɗaure, kuma ba ya shiri da zafi, don zafi yana narkar da gam ɗin da ya riƙe shi. Ya taɓa daina gaisawa da wani maƙwabci kaka guda cur saboda ya ga bakansa a ɗaure cikin mota da rana.

Asalin ciwon ajalin daga mai shi ya faro. A kakar bara Delmar ya faɗo daga kujerar da yake ɗaurawa a kan bishiya, kafaɗa ta tsage, ya kwanta cikin ganye har abokinsa Harlan Boggs ya biyo sawu ya same shi. Darlene ce ta yi zaman asibiti, ita ta ga fuskar ubanta da tiyo a hanci, kuma ba wanda zai ga laifinta da ta tsorata. Ta ba da gonarsa haya, ta kwaso shi zuwa ɗakin baƙi na gidanta, ta jefa makullin motarsa cikin jakarta. Tagar ɗakin tana kallon bangon maƙwabta ne. Tun daga nan Delmar yake tashi da asuba don sabo, ya sa takalmi, ya zauna a bakin gado ba inda za shi. Kewar daji ta hana shi jin daɗin komai, har naman da ake saye a kanti sai ya ce ɗanɗanon kwali yake ji.

Da ya ishe ta da nacin komawa farauta, sai Darlene ta gindaya sharaɗi.

"Baba, ka ja bakan nan a gabana har ƙarshe, ka riƙe, in gani da idona. In ka iya, ka bi Harlan, amma a ƙasa za ka zauna. Ka sake hawa bishiya, ni da kaina zan sare ta."

"Na ji, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ni da na koya miki ɗaure takalmi."

Da Harlan ya zo ziyara a farkon zafi, wajen watan Yuni, Delmar ya ja shi gareji ya ce ya ɗaura wa Rufus tsirkiya. Harlan ya ɗaura, ya yi masa kallon sama da ƙasa, ya ce, "Kai tsoho, ka dai iya saukewa ko?" Delmar ya ce ya kama gabansa kafin ya gwada kibiya a kansa. Harlan na fita Delmar ya gwada saukewa, kafaɗar ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake gwadawa har gumi ya jiƙa masa riga, ko motsi tsirkiyar ba ta yi ba.

A gidan akwai Curtis, mijin Darlene, ƙato mai kirki wanda zai sauke ta da hannu ɗaya yana cin biredi da ɗayan. Sai dai Curtis ba ya iya riƙe magana a gaban matarsa, ko kyautar ranar haihuwarta sai ya faɗa mata kafin ranar. In Darlene ta ji ubanta ya kasa sauke tsirkiyar bakansa, zancen daji ya mutu. Harlan kuma in aka kira shi, kafin la'asar teburin Opal ya gama dariya. Don haka mutumin da ya yi wa gari huɗuba shekara da shekaru ya ɗauki Rufus a ɗaure, ya tura shi bayan kwalayen kayan Kirsimeti, a ƙarƙashin rufin kwano, ya ce sati ɗaya ne kafaɗa za ta dawo. Yana ɗaki yana jan roba kamar yadda likita ya koya masa, yana jin rana tana gasa rufin garejin, ya san sarai abin da take yi a ciki. Haka Yuli ta wuce, haka Agusta.

Ranar Lahadin jarrabawa Curtis ya ajiye damin ciyawa a gindin shinge. Darlene ta tsaya a bakin ƙofa da kayan coci, ta riƙe ƙugu. Delmar ya ɗora kibiya, ya gyara tsayuwa, ya ja. A nan masu sanarwa suna so a rubuta wannan da kyau, domin shi kaɗai ya rage wa mai makoki: kafaɗar ta riƙe. Ya kawo tsirkiyar har gefen bakinsa, hannu bai yi rawa ba, ya ji daji ya matso kusa. Sai Rufus ya yi maganar da bai taɓa yi ba, "ƙaras!", reshensa na sama ya rabe gida biyu, ɓarin ya dawo ya fasa wa Delmar gira.

"Na ja shi, 'yar nan! Kin gani ai, na ja shi har ƙarshe!" Yana faɗa jini yana shiga masa ido.

"Na ga jini, Baba. Abin da na gani ke nan," in ji Darlene, tana danna masa tsumman kicin a goshi. "Da a daji ne fa? Wa zai same ka wannan karon?"

Curtis, da nufin alheri, ya ce yana da irin bakan nan mai kunama kamar bindiga, wanda ko kafaɗa ba ya buƙata. Delmar ya ce wannan na masu ciwon baya ne da 'yan birni, gara ya yi jifa da dutse. Kwana biyu ya yi yana kallon bangon maƙwabta, sannan ya haɗiye girman kansa, ya sami Curtis a gareji ya ce cikin ƙaramar murya, "Abin nan naka, yana harbi daidai kuwa?" Kafin abincin dare Darlene ta ji. Ta ce ba mai kunama, ba marar kunama, maganar daji ta ƙare.

Marigayin ya rasu ya bar kwarin fata da Wanda ta ɗinka, da kibau wasassu da ba su san an yi rasuwa ba, da ɗan akwatin kiran talo-talo da aka hana kaɗawa a cikin gida saboda karen maƙwabta. Ya bar buhun kayan daji da ya gama ɗaukar warin ganye, da tsohuwar mota a gefen titi tayoyinta suna sacewa. Ya kuma bar Delmar, mai ɗinki a gira, wanda ya san ko wane ne ya kashe Rufus kuma ba shi da wanda zai ɗora wa.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin baƙi na gidan Darlene. Kowane lokaci aka zo za a same shi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo furanni, kada kuma su kawo hoton barewar da suka harba.

Delmar ya nemi a yi jana'iza da asubar ranar buɗe farauta, a gindin bishiyar da ke hayin rafi a tsohuwar gonarsa, shi da Harlan kaɗai, a kuma yi zaman makoki a wurin har faɗuwar rana. Darlene ta ce ba a haife ta jiya ba. Bayan Harlan ya zo da hula a hannu ya yi roƙo, an daidaita kamar haka: za a yi jana'izar ranar Lahadi bayan an tashi coci, a motar Darlene, ita ke tuƙi. Harlan da Curtis za su ɗauki gawar su tsallaka rafi. Hanyar akwai santsi, saboda haka mai makoki zai tsaya a cikin mota a bakin shingen gonar, an amince a sauke masa gilashi.

Ga masu rakiya, Delmar ya bar wasiyya. Kada a shafa turare, kada a buga ƙofar mota, a yi magana ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya ga sawun barewa a bakin rafi ya duba da kyau, ya dawo ya faɗa masa girmansa da inda ya nufa. Darlene ta ce da an rufe kabari za ta tayar da mota, don haka yana roƙon masu haƙa, don girman Allah, kada su yi sauri.