Nomau da Duron Maganin Jiƙa

A garin Rafin Gawo akwai wani magidanci, Nomau, da matarsa Lantana da 'ya'ya uku. Duk abin da aka faɗa masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. An kore shi daga aiki sau biyar, har kawunsa Alhaji Mato mai marina ya ɗauke shi don kunyar zumunci. Lantana ta ce, "Malam, wannan aikin in ya kuɓuce, sai mu ci iska."

Aka ba shi tsaron duron maganin jiƙa, wani ruwa mai kauri kamar zuma. Kaɗan ake ɗigawa, sai ruwa ya ratsa sabuwar shadda, rini ya kama bai ɗaya. Ba ya ɗauke da cajin lantarki, shi ya sa ba ya guda-guda a ruwan rijiya mai gartsi yadda sabulu ke yi. Amma yana cin ido, yana busar da fata.

Wata rana Alhaji ya miƙa masa safar hannu ta roba da tabarau, ya ce, "Kada ka cire su sai ka tashi aiki." Da azahar Lantana ta kawo tuwo, Nomau ya tsoma hannu da safar. Miyar kuka ta yi kumfa, shi kuma ya yini yana zarya bayan gida.

Alhaji ya ce, "Ba ka cire safar ba?"

"Ban tashi aiki ba, Kawu."

Wata rana Alhaji, wanda ba ya sa tabarau saboda shi ne mai wuri, ya leƙa duro, ɗigo ya fantsamar masa a ido. Ka'idar marina ita ce a wanke da ruwa mai gudu minti goma sha biyar. Nomau ya cafki ƙeyarsa ya danna ƙarƙashin famfo.

"Ya isa! Ya daina zafi, ɗan banza!"

"Saura goma sha ɗaya, Kawu."

Hula ta bi ruwa, marina suka yi ta dariya a ɓoye.

Wata rana aka koya masa cewa maganin yana da santsi, in ya zube a rufe shi da yashi, a kwashe. Maganin ya ɗiga a kan farar shaddar wata Hajiya, sai Nomau ya juye wa shaddar baro biyu na yashi. Alhaji ya ce, "Wallahi ka ƙara ɗaya, ka koma gida!"

Wata rana ruwan ɗauraye durorin ya taru. Zuba shi a kwata laifi ne, don kwatar rafi take shiga, maganin kuwa yana kashe kifi. Alhaji ya rage murya: "Ka tuntsurar da shi a kwata idan ba kowa a wurin." Nomau ya gangara da duro, ya jira mai nono ta wuce, mai keke ya wuce. Ya kama murfi ke nan sai ya tsaya. Ya koma bayan katanga ya laɓe, duro ya ƙi zubar da kansa. Kwana huɗu yana wannan jeka-ka-dawo, duro shida suka jeru a rufe.

Alhaji ya gani, ya daka tsawa: "Ban ce idan ba kowa ba?"

"Kullum na je, ina wurin, Kawu."

"Tattara naka ya naka!"

Bai rufe baki ba sai ga motar jami'an duba muhalli. Kifi ya mutu a rafi, sun bi kumfa sun rufe marina biyu. Suka duba kwatar Alhaji, ba kumfa, ga durori a jere. Babbansu ya ce, "Alhaji, wa ya koya maka wannan tsari?"

Alhaji ya gyara babbar riga. "Ai mu nan ba ma wasa da doka."

Nomau ya matso da ƙullin kayansa. "Kawu, in tafi ɗin, ko in tsaya har su tafi ya zama ba ko…"

"Ajiye kayan nan, ɗana! Daga yau kai ne shugaban ma'aikata. Kuma ka yi shiru."

Sai da Lantana ta tako har marina bayan kwana biyu, ta roƙi Alhaji ya ce wa mijinta ya yi magana.