Bindigar Surukina

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na je gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema da aure, a Doguwa, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Lokacin ina da 'yar rumfar gyaran bindigogin farauta a Tudun Wada, kuma gani nake daga Kiru har Burumburum babu na biyuna (gaskiyar magana, babu wanda ya taɓa faɗa mini haka, ni na yanke wa kaina).

Ni da Kawu Sale muka je. Tun a mota yake jan kunnena: "Ka ga, Baba Ɗanjuma tsohon maharbi ne, ba ya son surutu. Ka gaishe shi, ka sunkuyar da kai." Na ce to.

Muka zauna a zaure, aka kawo fura da nono. Bayan gaisuwa sai Baba ya ce, "An ce sana'arka bindiga?" Ya shiga ciki, ya fito da wata tsohuwar bindiga mai baki biyu, ya miƙo mini. "Duba mana shekarunta."

Na buɗe ta a tsakiya, na leƙa bakin, na goge tsatsar da ke kan tambarin. Na ce, "Baba, wannan ƙirar Ingila ce, ta girmi samun 'yancin kai. Irinta ba a sayarwa, sai dai a gada." Dattawan da ke wurin suka gyaɗa kai. Baba ya yi murmushi. Da a nan na tsaya, da na fita da mutuncina.

Sai idona ya kai kan ƙotar. Ta tsage, an naɗe ta da waya, an manna mata gwangwanin madara da ƙusoshi.

"Amma Baba, wanda ya yi maka wannan gyaran ya cuce ka."

Kawu ya mintsine ni. Na ɗauka yabo ne.

"Wallahi ko mai facin taya ya fi shi hankali. Wane ne? A daina ba shi aiki."

Baba ya kurɓi furarsa, ya goge gemu, ya ce, "Ni ne, yaro."

Gumi ya karyo mini har cikin hula. Na ce, "Af! To ai yanzu da na sake dubawa, aikin akwai ƙarko. Ku duba ku gani." Na ɗaga ta na girgiza don in nuna ƙarfin gyaran. Ƙotar ta fice, ta faɗa tsundum cikin ƙwaryar furar Kawu. Ni kuma ga ni riƙe da ƙarfe zalla, kamar mai tallan bututu.

Daga bayan ƙofa na ji dariyar mata, kuma na gane muryar Hadiza a ciki. Kawu yana share nono daga babbar rigarsa yana cewa, "A yi haƙuri, Baba, haka yake tun yana ƙarami."

Baba ya dube ni, ya ce, "Bakinsa ba linzami, amma bai yi ƙarya ba. Ɗauke ta ka gyaro. In ta tashi, ka turo manya."

Ban taɓa yi wa bindiga aiki da addu'a irin wannan ba. Ta tashi, aka ɗaura aure.

Tun daga nan, duk wanda ya kawo mini bindiga, kafin in buɗe baki sai na tambaya: "Wa ya taɓa gyara ta? Kuma yana da 'ya mace?"